Sauro, shanu da tsuntsaye: Me ya sa ƙwayoyin gado ke ba da labarin asali mai karo da juna?

Masana kimiyyar halittu sun daɗe suna zana dangantakar dabbobi da tsirrai a siffar bishiya: gindi ɗaya, rassa suna rabuwa, kowane jinsi a ƙarshen reshensa. Zane ɗaya tak da ke cikin littafin da Charles Darwin ya wallafa a 1859 ma irin wannan bishiya ce. Da aka samu na'urorin karanta ADN, sai aka yi zaton gardama ta ƙare, tunda asalin kowace halitta a rubuce yake a jikinta. Sai ga shi an tarar da akasin haka. Idan aka ɗauki ƙwayar gado ɗaya aka zana bishiya da ita, aka ɗauki wata aka sake zanawa, sau da yawa bishiyoyin biyu ba su yi daidai ba.

Wannan saɓani ya shafi shanun da ake kiwo a Tawa da Difa, ya kuma shafi sauron da ke kawo masassara, da dalilin da ya sa maganin da ke jikin gidan sauro ya rage ƙarfi a wurare da yawa na Sahel.

Kowace ƙwaya da tarihinta

ADN wani dogon zare ne da ke cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai, an rubuta shi da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Zaren a naɗe yake cikin ƙunshe-ƙunshe da ake kira kuromozom, waɗanda ke zuwa bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Saniya tana da irin waɗannan tagwaye 30, sauro kuwa 3 kaɗai. Yankin zaren da ke ɗauke da umarnin wani aiki, kamar launin gashi ko rukunin jini, shi ne ƙwayar gado.

Yayin da zuriya ke tafiya, lokaci-lokaci harafi kan canza. Jinsuna biyu da suka rabu kwanan nan bambancin haruffansu kaɗan ne, waɗanda suka rabu tun da daɗewa kuma nasu ya fi yawa. Da ƙidayar wannan bambanci ake zana bishiyar nasaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba a gadon zaren nan ɗungurungum. Kafin uba ko uwa su miƙa shi ga ɗa, tagwayen kuromozom sukan yi musayar yanki-yanki, ta yadda abin da ɗa ya karɓa haɗe-haɗe ne daga kakanni daban-daban. Saboda haka kowane yanki yana da hanyar da ya biyo. Bishiyar da ƙwaya ɗaya ta bayar tarihin wannan ƙwayar ne, kuma yana iya bin tarihin jinsin, yana iya saɓa masa.

Shanu masu tozo, iyaye mata marasa tozo

Shanun duniya manyan iri biyu ne. Akwai marasa tozo, waɗanda aka fara kiwonsu a Gabas ta Tsakiya kimanin shekaru 10,000 da suka wuce. Akwai masu tozo, waɗanda asalinsu kwarin kogin Indus ne, a yankin Pakistan ta yau. Duk wanda ya dubi Azawak ko jajayen shanun Bororo zai sa su a layin masu tozon Indiya ba tare da wata-wata ba.

A 1994 masu bincike na jami'ar Trinity da ke Dublin, a ƙasar Ayaland, suka duba wani ɓangare na ADN da ake kira na mitokondiriya, wanda maraƙi ke gada daga uwa kaɗai. Sakamakon ya nuna shanun Afirka masu tozo suna ɗauke da irin na marasa tozo, kuma sun fi kusa da shanun Turai a kan na Indiya. Da aka duba kuromozom ɗin Y, wanda ke bi daga bijimi zuwa ɗansa namiji, sai labari ya juya: a yawancin masu tozon Afirka, irin na Indiya ne.

Duka shaidun biyu gaskiya suka faɗa. Shanun farko na Afirka marasa tozo ne. Daga baya aka riƙa shigo da masu tozo, akasari bijimai, ta gabar tekun gabashin Afirka, kamar yadda wani babban bincike da aka wallafa a 2002 ya nuna. Makiyaya suka yi ta sa waɗannan bijimai suna barbarar shanun gida, zuriya bayan zuriya, har tozo da jure zafi suka mamaye garke, amma layin iyaye mata ya ci gaba da zama na tsofaffin shanun ƙasa. Annobar bushiya da ta hallaka shanun Afirka a ƙarshen ƙarni na 19 ta ƙara buɗe wa masu tozo fili. Shanun Kuri na tafkin Cadi, masu manyan ƙahoni, suna cikin ragowar marasa tozo, kuma su ma barbara da masu tozo tana rage tsantsar irinsu.

Wannan shi ne dalili na farko na saɓanin bishiyoyi: rassa biyu da suka rabu sun sake haɗuwa, gado ya tsallaka daga wannan zuwa wancan.

Gadon da bai gama rabuwa ba

Dalili na biyu ba ya buƙatar wata barbara tsakanin jinsuna, kuma ana iya ganin misalinsa a cikin gida. A ɗauki ƴan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. A wata ƙwayar gado, babban ya karɓi kwafin da ubansu ya gada daga kakansu namiji, ƙaramin kuma ya karɓi wanda uban ya gada daga kakarsu mace. Ɗan baffansu shi ma yana iya ɗauke da kwafin kaka namiji. Wanda ya duba wannan ƙwaya ita kaɗai zai ce babban ya fi kusa da ɗan baffansa a kan ƙanensa na ciki ɗaya. Sai an duba ƙwayoyi da yawa sannan gaskiyar zumuncin take fitowa.

Haka abin yake tsakanin jinsuna. Jinsin asali yana ɗauke da kwafi iri-iri na kowace ƙwaya. Idan ya rabu biyu, sannan ɗaya reshen ya sake rabuwa cikin ɗan lokaci, tsofaffin kwafin nan ba su samu damar tacewa ba, sai su faɗa cikin sababbin jinsunan kamar ƙuri'a. Gwargwadon gajartar lokacin da ke tsakanin rabuwa da rabuwa, da kuma yawan dabbobin asalin, gwargwadon yawan ƙwayoyin da za su saɓa wa bishiyar jinsi.

Tsuntsaye su ne babban misali. Kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce, bala'in da ya shafe dabbobin dinozor, dangin waɗanda ake tono ƙasusuwansu a yankin Agadas, ya bar duniya a buɗe, sai manyan dangogin tsuntsaye suka rarrabu a jere cikin gaggawa. A Disamban 2014 wata ƙungiyar masana daga ƙasashe da dama ta wallafa nazarin ADN na jinsunan tsuntsaye 48, inda ta yi amfani da yankuna sama da 14,000. Babu yanki ko ɗaya da bishiyarsa ta yi daidai cif da bishiyar da aka samu bayan haɗa su duka. A 2024 aka maimaita aikin da jinsuna 363, kuma wasu rassan suka sauya wuri. Kurciya, alal misali, da aka haɗa ta a reshe ɗaya da tsuntsun ruwan nan mai dogayen ƙafafu da ake kira flamingo, an raba su, bayan an gano cewa wani yanki guda na kuromozom na 4 ne ya rinjayi lissafin farko.

Yadda ake gane wanne ne wanne

Tunda dalilan biyu duk suna haifar da saɓani, masana sun nemi hanyar bambance su. Hanya mafi sauƙi ƙidaya ce. A ce akwai jinsuna uku, na farko da na biyu su ne ƴan'uwa na kusa. Idan gadon da bai gama rabuwa ba ne ya jawo saɓanin, to ƙwayoyin da ke haɗa na farko da na uku, da waɗanda ke haɗa na biyu da na uku, za su zo kusan kai ɗaya, domin ƙuri'a ba ta son kai. Idan kuwa ɗaya ɓangaren ya rinjayi ɗaya da nisa, alama ce ta cewa an yi barbara a wannan ɓangaren.

Hanya ta biyu ita ce duba shekaru. Yankin da ya tsallaka ta hanyar barbara yakan nuna jinsunan biyu kamar jiya suka rabu, domin kwanan nan suka yi tarayya a kansa. Yankin da bai tsallaka ba yana riƙe da tsohon bambanci.

Akwai kuma gargaɗin da lissafi ya bayar. A 2006 masana biyu, James Degnan da Noah Rosenberg, sun nuna cewa idan jinsuna huɗu ko fiye suka rabu a jere da sauri, bishiyar da ƙwayoyi mafi yawa ke nunawa tana iya zama ba ita ce ta jinsunan ba. Ke nan rinjaye kaɗai ba hujja ba ne. Sauron masassara ya tabbatar da wannan darasi ta wata hanyar daban.

Sauron da ya ruɗi masana

Sauron da ya fi yaɗa masassara a Afirka, wanda ake kira Anopheles gambiae, an daɗe ana ɗaukarsa jinsi ɗaya. A shekarun 1960 gwaje-gwajen barbara a ɗakin bincike suka nuna cewa taron jinsuna ne masu kama ɗaya, waɗanda ido ba ya bambancewa. Uku daga cikinsu su ne manyan masu yaɗa cutar, kuma duka ana samunsu a Nijar. Gambiae ya fi son kududdufan ruwan sama. Coluzzii, wanda sai a 2013 aka ba shi suna na kansa don tunawa da masanin Italiya Mario Coluzzi, ya fi sabawa da ruwa mai daɗewa kamar na gonakin shinkafa. Arabiensis kuma yana jure fari, yana cizon mutum da dabba, a ɗaki da waje. Akwai wasu ƴan'uwansu, kamar quadriannulatus na kudancin Afirka, wanda jinin dabbobi ya fi sha kuma ba a lissafa shi cikin masu yaɗa cutar.

A Janairun 2015 mujallar Science ta wallafa aikin Michael Fontaine, Nora Besansky ta jami'ar Notre Dame a Amurka da abokan aikinsu, waɗanda suka kwatanta ADN na jinsuna shida na wannan dangi, yanki bayan yanki. Mafi yawan yankunan sun haɗa arabiensis da gambiae da coluzzii a reshe ɗaya, abin da ya yi daidai da tunanin kowa: masu yaɗa cuta dangin juna ne. Amma wani ɗan ƙaramin kaso, akasari a kan kuromozom ɗin X, ya ce ɗan'uwan arabiensis na kusa shi ne quadriannulatus.

Da aka duba shekaru, sai ya bayyana cewa ƙaramin kason ne ke riƙe da tsohon tarihi. Kamannin da ke cikin sauran yankunan sakamakon barbara ne da aka daɗe ana yi tsakanin arabiensis da reshen gambiae da coluzzii, har gadon da ya tsallaka ya rufe asalin.

Dalilin da ya sa X ya tsira yana kama da labarin alfadari. Jaki da goɗiya suna haihuwa, amma abin da suka haifa ba ya haihuwa, don haka gado ba ya wucewa. A sauro ƙofar a rufe take rabi: idan gambiae da arabiensis suka haɗu, ƴaƴa maza ba su haihuwa, amma mata suna haihuwa. Ta hanyar matan nan gado ke tsallakawa. Ƙwayoyin da ke jawo rashin haihuwar kuwa da yawansu a kan X suke, shi ya sa yankunansa suka fi wuyar ƙetare iyaka.

Masu binciken sun kuma samu shaidar cewa wani babban yanki da ake kira 2La, wanda ke da alaƙa da jure bushewar iska kuma ya yawaita a sauron Sahel, yana cikin abin da ya tsallaka tsakanin jinsunan. Ma'ana, hali mai amfani da wani jinsi ya daɗe yana da shi, ɗan'uwansa yana iya samunsa ta hanyar barbara.

Daga Selinkenyi zuwa Yamai

An ga irin wannan aro yana faruwa a zamanin nan. Maganin da aka fi sa wa gidan sauro, na dangin piretiroyid, yana kashe sauro ta hanyar kama jijiyoyinsa. Canjin harafi ɗaya a wata ƙwayar gado, wanda ake kira kdr, yana rage wannan kamu. A Afirka ta Yamma an fara ganin kdr da yawa a jikin gambiae, yayin da coluzzii a wurare da dama ba shi da shi.

Masu bincike na jami'ar Kaliforniya da ke Davis, tare da takwarorinsu na Mali, sun shafe shekaru suna bin sauron wani ƙauye mai suna Selinkenyi a kudancin Mali. Rahotonsu na 2015 ya nuna cewa a wajajen 2006 an samu barbara tsakanin jinsunan biyu, kdr ya shiga coluzzii, kuma cikin ƴan shekaru ya mamaye shi. Lokacin ya zo daidai da yawaitar gidajen sauro masu magani a yankin. Sauron da ya ari kdr ya rayu ya hayayyafa, wanda bai samu ba ya mutu. Wanda ya zana bishiya da wannan yanki a yau zai ga coluzzii na Selinkenyi a cikin gambiae, alhali sauran jikinsa na coluzzii ne.

A Nijar, an raba gidajen sauro masu magani sama da miliyan 2 a ƙarshen 2005 da farkon 2006, tare da allurar rigakafin shan inna. Binciken da masanan cibiyar CERMES ta Yamai suka wallafa a 2008 ya nuna cewa yawan kdr ya ƙaru a cikin sauron ƙasar bayan wannan rabo.

Hakan ba ya nufin gidan sauro ya daina amfani. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da masassara sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta. Ko maganin ya yi rauni, ragar tana hana cizo. Abin da binciken ya koyar shi ne dogaro da magani iri ɗaya yana da iyaka, kuma juriyar da ta ɓulla a jinsi ɗaya ba lallai ta tsaya a nan ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar amfani da sababbin gidajen sauro masu haɗin magani biyu a inda piretiroyid ya yi rauni. A alƙaluman hukumar na wannan shekara, masassara ta kashe mutane kimanin 597,000 a duniya, kuma Nijar na cikin ƙasashe huɗu, tare da Najeriya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Tanzaniya, da suka haɗa sama da rabin wannan adadi.

Gadon da ke tafiya a kaikaice

Akwai dalili na uku, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin bakteriya. Su ba su jiran haihuwa kafin su miƙa gado. Ɗaya tana iya ba maƙwabciyarta ɗan guntun ADN kai tsaye, ko da jinsinsu ba ɗaya ba ne. Ta haka ƙwayoyin jure maganin antibiyotik ke yawo. Wata da ake kira NDM-1, wadda aka ba da rahotonta a 2009 daga jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a Indiya, an same ta daga baya a jinsunan bakteriya daban-daban a nahiyoyi da yawa. Bishiyar irin wannan ƙwaya ba ta da alaƙa da bishiyar masu ɗauke da ita. Shi ya sa shan antibiyotik barkatai ke iya ƙarfafa juriya a wata bakteriyar da ba ita ake yaƙa ba, ita kuma ta miƙa wa mai kawo cuta.

Tsirrai ma ba su tsira ba. A 2015 an gano cewa dankalin Hausa yana ɗauke da ƙwayoyin gado na wata bakteriyar ƙasa mai suna Agrobacterium, waɗanda suka shiga jikinsa tun kafin kowa ya san dabarar sarrafa iri a ɗakin bincike.

Wani saɓanin kuma kuskuren aiki ne kawai. Idan yankin da aka karanta gajere ne, ko kuma ƙwaya ta ninku gida biyu aka kwatanta kwafin da ba su dace ba, bishiyar za ta fito a karkace. Wannan ana magance shi da ƙarin bayanai da kyakkyawan lissafi.

Abin da ya sauya a aikin masana

Yau babu masanin da ke yanke hukunci kan nasabar jinsuna da ƙwaya ɗaya. Ana karanta dubbai, a zana bishiyar kowace, sannan kwamfuta ta nemo tarihin da ya fi iya bayyana yadda suka saɓa. A inda barbara ta yi yawa, kamar a sauro da shanu, ana ƙara layuka masu haɗa reshe da reshe, sai zanen ya koma kamar raga.

Saɓanin kansa ya zama abin nema. Yankin da ya tsallaka iyakar jinsi kuma ya yaɗu da sauri yawanci yana ɗauke da wani abu mai amfani ga mai shi. A shanu, irin wannan bincike yana taimakawa wajen gano yankunan da ke da alaƙa da jure zafi daga masu tozo, da na jure sammore daga marasa tozo irin su N'Dama, abin da masu inganta iri ke buƙata kafin su haɗa garke da garke. A sauro kuma yana nuna inda juriyar magani ta fito da inda ta nufa. Saboda haka masu sa ido kan sauro, bayan sun tantance jinsin da suka kama a gari, sukan kuma duba ƙwayoyin juriyar da yake ɗauke da su, domin irin wannan sakamako na cikin abin da hukumomin lafiya ke dubawa kafin su zaɓi irin gidan sauron da za a raba a kowace jiha.